Sai-an-kwance da Tagar Ƙaninsa

Kafin masu shagunan layin su fara jan ƙofofinsu, shi ya riga ya buɗe tasa. Ƙyauren ma abin kallo ne, don da murafun tsofaffin firji aka haɗa shi, har yanzu wurin jera ƙwai yana nan a jikin ɗaya. In ya zare sarƙa ya tura, ba ya shiga kai tsaye. Tsayawa yake a bakin ƙofa, ya ɗaga hanci ya ja iska a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Daga nan ya juya hagu, ya dubi wata 'yar taga a bangon gidan da ya jingina da filin. In ya gan ta a buɗe, labulenta yana ɗan motsi, sai ya yi bismilla ya taka ciki. Shekara da shekaru ke nan haka safiyarsa take farawa.

Filin gwangwan ne, irin wanda ake kai kayan lantarkin da suka gama yayi. Talabijin ɗin da kuka gaji da bugun ƙeyarsa, fankar da ta koma gurnani babu juyi, wayar hannun da ta faɗa bokiti, kwamfutar ofis da aka ce gara a sayi sabuwa, duk nan suke ƙarewa, wasu a amalanke wasu a bayan mota. Mu da muke jefar da su, gani muke mun rabu da shara. Shi kuwa in ya dubi tsibin, jan ƙarfe yake gani da alminiyam, da ɗan zinare da azurfar da aka shafa a jikin korayen allunan cikin na'ura, waɗanda 'yan sana'ar ke kira fanel. Ƙasa aka haƙa a wata uwa duniya aka fito da su, in ji shi, rashin kunya ne a sake binne su a juji.

Sunansa na ainihi ya daɗe da ɓata a filin nan. Kowa Sai-an-kwance yake ce masa, sa'o'insa su ƙara da Malam, na baya su ƙara da Baba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Da ya hango wani ya ɗaga guduma zai rotsa talabijin, sai ka ji muryarsa daga tsakiyar fili, ba tsawa ba faɗa: "A'a, ɗan'uwa. Sai an kwance." Mutum ne ya ɗaure ta da ƙusoshi, a cewarsa, don haka mutum zai iya warware ta. Kuma ba iyayi ba ne. Gilashin tsohon talabijin akwai dalma a cikinsa, batirin wayar hannu kuma in ya kumbura aka soke shi, wuta yake kamawa ba sallama.

Teburinsa yana tsakiyar fili, a kan wani dandamalin siminti, daidai inda rana ta fi duka, sai 'yar rumfar kwano da ya kafa a kai. Baƙo yakan yi mamakin abin da ya hana dattijo komawa gindin katanga inda inuwa take. A kan teburin akwai sukudireba iri-iri, da filaya, da almakashi, a wuyansa kuma maganaɗisun da ya ciro daga wata lasifika ya ɗaure da igiya. Abin da maganaɗisu ya kama baƙin ƙarfe ne, ya tafi tsibinsa. Abin da ya ƙi kamawa sai a duba launi da nauyi. Batura suna da durom ɗinsu mai yashi da murfi. Fanel kuwa a kwali yake jera su, ba ya jiƙa su a ruwan asid kamar yadda wasu ke yi don su tatso zinaren su zubar da dafin a kwata. Tarawa yake, in sun taru a kai wa babban kamfanin da ke da tukunyar narkarwa mai tace hayaƙi. Ya sha faɗa cewa zinaren da zai lalata rijiyar maƙwabta, shi ya yafe shi.

Doka ɗaya ce a filin wadda ba ta da sai dai ko amma: ba a shiga da wuta. Mai shayin da ke bakin ƙofa yana da wani tsohon gwangwanin madara, a ciki kowa ke jefa ashanarsa ko laitarsa da safe, ya karɓa in zai tafi. Mai shan sigari ya fito titi ya sha abinsa. Mai shayi yakan ce duk duniya shi kaɗai aka ba ajiyar wutar jama'a, kuma ko sannu ba a yi masa.

Ba haka filin yake a da ba. Lokacin da Sai-an-kwance ya shigo sana'ar yana saurayi, tare ya shigo da ƙaninsa, autan ɗakinsu, wanda har gobe Auta ake ce masa duk da furfura ta cinye masa kai. A lokacin, hanyar raba jan ƙarfe da robar da ta lulluɓe wayar lantarki ɗaya ce kowa ya sani: a tara wayar a rami, a ɗora tsohuwar taya da soson jikin firji, a ƙyasta ashana. Hayaƙin baƙi ƙirin, harshen wutar kore da shuɗi, warin ya kama maƙogwaro ya kwana a tufafi. Auta kuwa gwani ne. Yana da dogon ƙarfensa na juya waya, ya san daidai lokacin da roba ta gama ci jan ƙarfe bai fara lalacewa ba, har layi ake yi ya ƙona wa mutane. Wa yana kwancewa, ƙane yana ƙonawa, suna ganin sun raba aiki daidai.

Ba wai ba su san hayaƙin mugu ne ba. Sun sani sarai, sai dai suna da maganinsu. Duk mai aikin wuta a wancan zamani ya yi imani madara tana wanke ƙirji. In an tashi da yamma, sai su jeru gaban mai shayi, fuska baƙa, ido jajur, kowa ya huda gwangwanin madara ya kafa kai, ya goge baki ya ce hayaƙin yau ya sauka. Auta ninki yake sha, don aikinsa ya fi na kowa. Allah kaɗai ya san wanda ya fara kawo musu wannan karatu, amma ko wane ne ya cuci mutane, don farin yana bi ta hanyar ciki, baƙin yana bi ta hanyar huhu, ba su taɓa haɗuwa ba.

Tari ya fara da ɗan gyaran murya, ya koma na safe, ya koma na kullum. Da aka je asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙirjin Auta a haske yana dubawa. Sai-an-kwance, da yake mutumin kwancewa da ɗaurawa ne, ya tambaya ko akwai abin da za a cire a sa sabo. Likita ya ce abin da ya ƙone ya ƙone, wanda ya rage shi za a lallaɓa. Ya ƙara da cewa duk ranar da irin wannan hayaƙi ya sake shiga ƙirjin nan, tana iya zama ranar ƙarshe.

Ga shi gidansu jingine yake da filin, ɗakunan duka bayansu can ne, ba su kuma da wani wurin komawa. Tagar Auta ita ta fi kusa da ramin wuta. Sai aka rufe ta, aka cusa tsummokara a kowace kafa. Mutumin da iska ce maganinsa, aka kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga. Wata rana da tsakar rana Sai-an-kwance ya leƙa gida, ya tarar da ƙaninsa kwance a ƙasa, ya kafa hanci a ƙarƙashin ƙofa yana neman numfashi.

"Yaya, kar ka taka ni," in ji Auta, yana ƙoƙarin murmushi. "Nan ne sanyin yake."

Sai-an-kwance ya ja da baya. Ya juya ya koma fili, ya ɗebo yashi cikin bokiti ya juye a kan wutar da ke ci, ya koma ya ƙaro, har ta mutu murus.

Wayar da ke cikin ramin ranar ta Dogo ce, wani ƙato mai faɗin murya da tarin iyali. Ya taso ya cakumi wuyan rigarsa. "Ƙaninka ne ba shi da lafiya, shi ne 'ya'yana za su daina cin abinci?"

Gaskiya Dogo ya faɗa, kuma Sai-an-kwance ya san gaskiya ce. Filin ba nasa ba ne, haɗaka suke yi, ba shi da ikon hana kowa komai. Ya bari har Dogo ya gama huci, sannan ya ce, "Ba ni wayar. Ni zan feɗe maka ita da hannuna. In jan ƙarfenka ya ragu, ka zo ka kunna wutarka, ba zan ce uffan ba."

Haka aka fara, kuma waɗanda suka ga lokacin suna nan da ransu. Da safe ya yi aikinsa, da rana ya zauna da wuƙa yana feɗe wayar mutane, har yatsunsa suka tsattsage, yana naɗe su da tsumma yana ci gaba. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Duk wanda ya nufi rami da ƙunshin waya, sai ya tare shi ya miƙa hannu. Da ya ga wuƙa za ta gama da shi kafin ya gama da waya, sai ya ciro ƙarafan juyawa daga wani injin wanki, ya haɗa da reza da fedar keke. A cusa waya ta nan, a taka feda, ta fito ta can, roba gefe jan ƙarfe gefe yana ƙyalli. Dillalan da ke saye suka fara wuce ƙonanne suna tambayar feɗaɗɗe. Ɗaya bayan ɗaya, mutanen suka riƙa zuwa aron injin, wasu suna kawar da kai kamar ba su ne suka yi masa dariya ba.

Saura sirara, irin na cikin kwamfuta da caja, waɗanda ba su fi gashi kauri ba. Injin ba ya kama su. Dogo ya zube masa buhu guda a gaba, ya riƙe ƙugu. "To, Malam, feɗe wannan mu gani."

Amsar daga madafa ta fito. Sai-an-kwance yana zaune a gida yana kallon matarsa tana regayar shinkafa, tana juya kwano a ruwa, tsakuwa tana kwantawa a ƙasa, sai ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. Washegari ya yayyanka siraran wayoyin ƙanana, ya zuba a injin niƙa na hannu robar ta saki, sannan ya rege su a ruwa. Mai nauyi ya kwanta, mara nauyi ya bi ruwa aka tace. Tun daga ranar kayan madafa suka fara tafiya ba sallama: yau babban kwano, gobe rariya, jibi injin niƙan kansa.

"Malam," in ji matar, "in ka gama da rariyata ka dawo ka ɗauki tukunyar, sai mu riƙa cin jan ƙarfe."

"Aro na yi."

"Aron naka ne ba ya sanin hanyar gida."

Duk da mitar, ita ce ta fito fili ta koya musu regaya, don mazan juya kwanon suke kamar masu kwaɓa siminti. Mai shayi ya ce bai taɓa ganin abin dariya irin ranar ba: ƙarti a tsugune, kowa da kwano, mace tana bin su tana gyara musu hannu. Dogo ne ya fi ba ta wahala, har ta ce masa hannunsa shebur ne ba hannu ba.

Da aka daɗe rami bai ga wuta ba, Sai-an-kwance ya cike shi da ƙasa, ya dafe da siminti, ya ɗauko teburinsa daga inuwa ya kafa a kai. "Duk mai son wuta a nan," ya ce, "sai ya fara ɗaga ni." Ranar ce Auta ya zare tsummokaran da kansa, ya tura tagar, ya leƙo da kai yana ƙifta ido, ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan tagar ta zama kujerarsa. Ba ya iya tafiya mai nisa, amma baki yana nan, babu wanda zai yi kuskure a filin bai ji tsokana daga sama ba.

Kai ne, Baba, ka kashe wutar da wasu suka ce in ta mutu su ma sun mutu, kuma ba ka bar gidan kowa da yunwa ba. Kai ne ka biya da yatsunka abin da ba ka da ikon umarta da bakinka. Mai hannun haƙuri, mai zama a rana don wani ya sha iska. Akwai matan unguwar da suka daina kwashe shanya da gudu in iska ta juyo, ba su ma san fuskarka ba.

Sai dai tsufa ba ya tambayar amfanin mutum. 'Yan shekarun nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko kan ƙusa ne yake ɓace masa, sai ya riƙa lalube da yatsa. Daga baya tagar kanta ta koma masa wani farin hazo, har sai ya tambayi mai shayi da safe, "A buɗe take?" Likita ya ce aiki za a yi, ya huta a inda babu ƙura, kuma in ya warke ya haƙura da filin gwangwan. Ya yi ta ɗaga ranar yana kawo dalilai. Matarsa ta san dalilin ɗaya ne, Auta ma ya sani.

"Yaya, ka je a gyara maka ido," in ji Auta. "Kullum kana gaishe da labule kana ce masa Auta."

"In na tashi daga teburin nan..."

"Tebur ne ya kashe wutar? Ka tafi, don Allah."

Ya tafi. Aka yi aikin lafiya, ya sauka a gidan 'yarsa can wani gefen gari, ido a rufe da bandeji. A zaune yake amma hankalinsa yana fili. Ya san mutanensa, ya san ba miyagu ba ne, ya kuma san yadda matsi ke juya mutumin kirki. Ranar da ya ji a bakin surukinsa cewa an kwashe wani babban ofis an kai kayan filinsu, abinci ya ƙi shiga. Kayan ofis siraran wayoyi ne tuli, aikin regaya na kwana da kwanaki, dillali kuma ba ya jira. Ya sa aka kira gida, matarsa ta ce lafiya ƙalau, ya kwanta ya huta. Bai yarda ba, don ya san ko gidan ke ci da wuta haka za ta ce. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko da aka kwantar da shi za a taɓa masa ido.

Ranar da likita ya sallame shi, bai bari an wuce da shi gida ba. A bakin ƙyauren firji ya sauka. Ya ɗaga hanci ya ja iska: ƙura, tsatsa, ganyen shayi. Ya zare baƙin tabarau a hankali, ya juya hagu. Abu na farko da sabon idonsa ya gani tar shi ne tagar, a buɗe, labule yana motsi. Sannan ya ga abin da ke kan dakalinta. Tsummokara ne, a tare, tsofaffi, ya gane su har da guntun wata rigarsa ta da. Ya dafa bencin mai shayi.

"Zauna, Malam," in ji mai shayi. "Ba abin da kake tsammani ba ne. Amma saura ƙiris."

Ga yadda ya ba shi labari. Kaya sun zo, dillali ya ce motarsa ba za ta kwana tana jiran masu wasa da ruwa ba, ko a haɗa masa jan ƙarfe ko ya tafi wani filin. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallon Dogo, don shi ne babba in Malam ba ya nan. Dogo ya yi ta kai da kawo, ya ce sau ɗaya ne dai, a can ƙarshen katanga, iska ma ba gidan take yi ba. Ya tara wayar, ya gangaro da taya, ya zo ya miƙa hannu a ba shi laitarsa.

"Kuma ka ba shi?"

"Kayansa ne, Malam. Ajiya aka ba ni, ba sarauta ba."

Dogo yana komawa da laita a hannu, sai murya ta fito daga taga. Ba roƙo, ba zagi. "Dogo, ɗan dakata mini kaɗan in rufe tukuna." Kowa ya ɗaga kai. Auta ne tsaye, ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, yana fito da tsummokara ɗaya ɗaya yana jerawa, yana hutawa tsakanin kowane biyu don numfashi. Ashe duk shekarun nan bai zubar da su ba. Wankewa ya yi ya ninke ya ajiye, don ya san mutane, ya kuma san yayansa ba zai dawwama a kan tebur ba.

Mai shayi ya ce Dogo ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya sa ƙafa ya ture tayar, ta gangara ta bugi katanga. Ya dawo ya jefa laitar a gwangwani. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Auta, kar ka rufe. Kuma kar ka mayar da su jaka. Bar su nan inda zan riƙa ganinsu har mu gama." Dillali ya tafi da motarsa yana surutai. Matar Malam ta fito da sauran kwanukan da ta ɓoye, ta ce tunda abin ya zama haka a haɗa da su. Suka tsuguna gaba ɗaya, kwana da kwanaki, har wani dillalin ya zo ya kwashe.

Sai-an-kwance ya gama jin labarin. Ya miƙe ya taka cikin fili. Dogo yana tsugune gaban kwano, bai ɗago ba.

"Na ji ka iya regaya yanzu."

"Matarka ta ce har yanzu shebur ne." Ya ajiye kwanon. "Malam, na karɓi laitar fa. Kar a ce maka ban karɓa ba."

"Na ji. Na kuma ji inda ka mayar da ita."

Ya cire maganaɗisun daga wuyansa ya rataya wa Dogo, ya kama hannunsa ya kai shi teburin da ke kan tsohon rami, ya zaunar da shi. Dogo ya dubi rumfar ya ce wurin nan zafi gare shi. Malam ya ce ai shi ya sa ake ba babba.

Sai ga kan Auta a taga. "Yaya, yau ni kake gani ko labule?"

"Kai nake gani. Ashe haka ka tsufa?"

Auta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, suka jira ya lafa. Sannan ya tattara tsummokaran da hannu biyu, ya miƙo su ta taga. "Ungo. Ku riƙa goge hannu da su. Sun tare mini wuri a ƙarƙashin gado." Sai-an-kwance ya karɓa. An hana shi taɓa idon da aka yi wa aiki, don haka ya bar hawayen suka gangara abinsu.

Baba Sai-an-kwance, yau ka ajiye sukudireba, mun zo mu ce mun gode. Mun gode da jan ƙarfen da ya koma cikin sabbin fankoki maimakon juji, da rijiyoyin da ba ka bari an zuba wa dafi ba, da ƙirazan yaran layin nan da ba su taɓa sanin warin ƙonanniyar roba ba. Mun fi gode maka da ka zauna a rana har mutane suka koyi abin da za su yi ko ba ka nan. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba Auta numfashi mai sauƙi, ya saka wa matar da aka kwashe wa madafa, ko da rariya ɗaya ce sabuwa.

Mu kuma da muke canza wayar hannu kamar riga, akwai abin da ya rage mana. Kada mu cusa matattun kayan lantarki a shara a cinna musu wuta. Mu ware batir daban. In mai saye ya zo ƙofar gida, mu tambaye shi: ƙonawa kuke yi ko kwancewa? Masu filayen da har yanzu hayaƙi ke tashi, ku zo ku ga injin feda da kwanukan regaya, ba a ɓoye suke ba, ba a kuma hana kowa koyo. Kowane rami na wuta akwai tagar wani a kusa da shi, ko kun san mai ita ko ba ku sani ba.

Yanzu Dogo ne ke zare sarƙar da safe. Mai shayi ya ce ba wanda ya koya masa, amma ba ya shiga kai tsaye. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ja iska, sannan ya juya hagu. Tagar kuwa a buɗe yake samunta, da mutum biyu a ciki, wa da ƙane, suna jiran ya yi kuskure su tsokane shi.